Rabin Manhajar da Taubashina Ya Sace

Rumfata tana bakin kasuwar Jega, ina tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a katin waya. Taubashina, ɗan kawuna, wanda ni na sa mishi Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da hannuna tun muna shiri, ya zo ya kafa tebur dab da ni da sabuwar kwamfuta. Ya dinga janye mini mutanen Sarandosa da Dangamaji, masu zuwa wurina duk ranar kasuwa.

"Ku taho nan," yake ce musu. "Kwamfutar wanga ta girmi kakarmu. Kafin ta cika kati guda albasarku ta tsiro."

Su yi dariya su koma wurinshi. Abin ya ci ni.

A waya na koyo abin da ya fisshe ni, kuma wallahi daɗi gare shi. Kamar injin niƙa ne: mata su jera kwanoni su tafi harkarsu, daga baya a dawo a tambayi na wa ya fito. Umarni biyu ne ake ba kwamfuta, ana ce musu kira: da kira na farko kake miƙa mata aikin katuna da yawa gaba ɗaya. Kira na biyu, io_getevents, shi ne kake tambayarta wanne ya kammala, wanne ya lalace a hanya. Na rubuta 'yar manhajata, tsohuwar kwamfutar tawa ta koma cika katuna a jere. Mutane suka fara dawowa.

Wata rana ina sallar azahar taubashin ya lallaɓa ya kwafe manhajar. Sai dai gwajin farko ya ɗauka, wanda ban sa wa kira na biyu ba. Tana miƙa aiki sai ta rubuta "an gama", alhali ko rabi ba a kai ba. Na leƙa allonshi na gane. Na ga yana zare katuna da sauri yana washe baki, na ja kujerata na sayi rake.

Kasuwa ta zagayo, sai ga wani dattijon Sarandosa gaban teburin taubashin, da jama'a bayanshi.

"Yaro, mi ka sa muna? Malamin da ke cikin katin na tsakar bayanin gado ya yi shiru, har yau bai dawo ba."

Duk suka juyo rumfata. Da la'asar taubashin ya matso, murya ƙasa.

"Ɗan gwaggo, mi ya rage cikin abin nan?"

Na shafa murfin tsohuwar kwamfutata.

"Kakarmu ce ta sani. Ka gaishe ta tukun."

Ya gaishe ta kuwa, gaban mutane. Ban gaya mishi ba.