Tumatirin Hindu ta Bakin Tabki

A shekarun da kowa a Hawandawaki ya koma noman gyaɗa, Hindu ba ta bar ɗan lambunta na bakin tabki ba. Ita ake kira in wani ya kwanta ciwo, ta wanke shi, ta shafa mishi goshi. Allah bai ba ta haihuwa ba. Gadon da ta samu wurin uwarta irin tumatir ne, ƙanana masu ɗan tsami, kuma har Tasawa babu mai irinsa sai ita.

Wata shekara damina ta yi yawa, sanyi ya shigo da raɓa mai nauyi. Sai ga baƙin tabo a bakin ganye kamar an ɗiga mai, ƙarƙashinsa fari-fari kamar tuwon da ya yi fumfuna. Tumatir ko nuna bai fara ba. Hindu ta yi abin da hannunta ya saba: ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta bi shuka ɗaya bayan ɗaya tana wanke ganyen.

Kwana huɗu tana haka Ladan malamin gona ya biyo.

"Iya, wanka kike musu? Saura kwalli!"

"Kai dai ɗan nan, bakinka! Ciwo gare su."

Da ya juya ganye ɗaya, dariyar ta ɗauke. Ya ce cutar nan laima take bi, daga jiƙaƙƙen ganye zuwa jiƙaƙƙen ganye, a ruwa ko a hannu. Sai a tuge masu tabo a ƙone, ban-ruwa kuma a gindi kawai.

"Layin can na gabas lafiya lau yake. In ba ki taɓa shi ba, za ki samu iri."

Hindu ta dubi tafin hannunta.

"Da hantsin nan na wanke su. Na ce kar ciwon ya iske su da dauɗa."



Ranar Juma'a karan layin gabas ya yi baƙi, ɗanyen tumatirin ya ruɓe a jikinsa. Da kanta ta tuge su, ta tara, ta sa wuta, ta hana kowa taya ta. Ko ƙwaya ba ta rage a ɗaki ba, duk ta shuka.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya tana dasa irin da Ladan ya kawo mata, manya jajaye. Tana ba su tazara, tana zuba ruwa a gindi. Tana kai su kasuwa, amma a miyarta ba ta taɓa sa su ba. Allah ya jiƙanta.