Hular takardar da na ɗora wa Kawuna

A lokacin ina saurayi ne a unguwar Mansur ta Makka, bakina ya fi ƙafata sauri. Aji uku na yi na gudu daga makaranta, amma in ana zancen duniya sai ka rantse ni na shimfiɗa ta. Kawuna ne ya riƙe ni, ƙanin mahaifiyata, maɗinkin huluna. Da ƙafa ya taho daga ƙasar Katsina, ya yi Hajji ya zauna, ba shi da takardar zama ko ɗaya. Burinsa ɗaya ne, kullum sai ya faɗe shi: ya mutu a Makka a binne shi a nan.

Wata shekara wani alhaji matashi ya sauka a ɗakinmu. Ya ce ya yi karatu a ƙasar Sin, inda ake gurguzu irin na manoma, babu mai gida babu bara. Ni ban fahimci komai ba sai abu ɗaya: wai can samari ke ɗaura jan ƙyalle a hannu, su ɗora wa malamansu doguwar hular takarda, su karanta musu laifuffukansu a gaban jama'a. Na ce wallahi wannan ƙasa ta san darajar irina. Da zai tafi ya bar mini wata mujalla mai hotuna, na cusa ta ƙarƙashin tabarmar Kawu.

Ranar wata Alhamis bayan La'asar na tara abokaina, muka yaga tsohon zanen jan atamfa muka ɗaura, na naɗa hula da takardar buhun siminti. Muka zaunar da Kawu a ƙofar shagonsa na ɗora masa. Na hau akwati na karanto laifuffukansa: yana minshari kamar motar Jidda, yana ɓoye goro a cikin hula, yana tashin talakawa sallar asuba da ruwan sanyi. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya gyara zaman hular, ya ce ya amsa duka, sai dai ɗinkin hular ne bai yi ba, in zo ya koya mini.

Ashe wani mai kanti yana kallo. Washegari da hantsi sai ga askar, wato 'yan sanda, suna tambayar ina 'yan shuyu'iyya, wato 'yan gurguzu. A ƙasar nan ba kalmar da ta kai wannan nauyi. Suka ɗaga tabarma, ga mujalla. Bakina da ba ya rufuwa ranar ya ƙi buɗuwa. Kawu ko kallona bai yi ba, ya ce tasa ce, da ita yake yanka samfurin hula, wasan jiya ma shi ya sa yara. Da suka gane ko harafi ɗaya bai iya karantawa a ciki ba sai suka bar wannan zance, suka ce ya kawo iƙama, takardar zama. Babu.

A Jidda na same shi a tsare, kafin a sa shi jirgin ruwa tare da sauran waɗanda za a mayar gida. Na durƙusa ina kuka, ya dafa kaina ya ce in tashi, shugaban juyin juya hali ba ya kuka. Ya ce akwai laifi ɗaya da na manta ban karanta ba, shi ne ya sangarta ni, kuma wannan ba zai tuba ba.

Bayan shekara biyu ya rasu a garinsu. Ni da ban taka ko zango ɗaya don Makka ba, ga ni a cikinta har yau, ina ɗinki a kan kekensa.

'Yan'uwana samari, abin da kuka ji rabinsa daga bakin baƙo kada ku ɗauko shi ku yi wasa da shi a ƙofar gida. Ku fara duba wanda ke zaune kusa da ku, ku san me zai rasa in wasan ya ɓaci. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Kawuna addu'a. Ni duk jana'izar da aka sallata a Harami sai na bi ta har maƙabarta, in tsaya a inda ya so ya kwanta.