Anti Mai Hoto, Wadda Ta Ce Min Ruwa Ne

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakin hoton ciki. Kafin ta kunna na'ura, sai ta tsoma robar man da ake shafa wa ciki a ruwan ɗumi, wai kada sanyinsa ya firgita mai juna biyu. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Anti Mai Hoto muke ce mata, a watan jiya kuma ta yi ritaya.

Ni da murnata na je mata. Shekara tara da aure ko ɓari ban taɓa yi ba, sai ga al'ada ta ɗauke, ciki ya turo riga. Surukata har ta fara sayen kayan jarirai. Kasala da barcin da suka addabe ni kuwa, kowa cewa yake laulayi ne.

Ta daɗe tana yawo da na'urar a kan cikina. Sannan ta goge man da kanta, ta zauna a bakin gadon.

"Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba. Ruwa ne ya taru, babu ɗa."

Wallahi a lokacin na tsane ta. Na ce na'urarta ce ta tsufa. Sai ta kama hannuna.

"Rigar sanyi a wannan zafin? Muryarki dama haka take da kauri?"

Aikinta iyakarsa hoto, amma ta ja ni har gaban likita. Ana ta zancen hanta da ƙoda, ita kuwa ta nace a haɗa da gwajin tayirod, 'yar halittar nan ta gaban wuya. Ashe ita ce ta yi sanyin aiki har ruwa ya taru min. Aka ɗora ni kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Cikin ya riƙa sacewa, ni kuma ina kukan rabuwa da shi.

Anti, ke ce kika yarda na ƙi ki don in rayu. Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka gaje ta, don Allah ku riƙa ɗaga kai daga na'ura ku dubi wadda ke kwance.

Na yi kewarki. Al'adata ta dawo daidai tun bara, amma wannan watan ta yi jinkirin kwana goma sha biyu. Ranar Litinin na je ɗakinki, na leƙa, na ga wata a kujerarki. Na kasa shiga.