Tambayar filo a wurin rigakafi

Assalamu alaikum. Wata biyar ban rubuta komai a nan ba. Ɗalibaina na da da na yanzu, na ga saƙonninku, ƙarfin amsawa ne ban da shi.

Da yawanmu mun ɗauka in mace ta sauka lafiya, haɗari ya wuce. Ni ma haka na ɗauka, alhali shekara da shekaru ina zana zuciya a allo ina koyar da ku aikinta.

Na haifi ɗiyata lafiya, na tafi wanka gidanmu a Ƙofar Marke. Inna, mahaifiyata, ta tsaya a kaina yadda aka saba: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kofi bayan kofi.

Mako uku da haihuwa ƙafafuna suka kumbura. Sai tari. In na tashi daga ɗaki zuwa tsakar gida, sai na dafa bango ina haki.

Inna ta duba ni ta ce, “Sanyi na ya shige ki.” Ta ƙara wa ruwan wuta, ta ƙara wa kunun kanwa. Na sha, don ban taɓa musu da ita ba.

Ranar da na kai jaririyar rigakafi a asibitin unguwa, nas ɗin ta gama da ita, sai ta tsaya tana kallon yadda nake numfashi.

“Maijego, da filo nawa kike kwana?”

Na yi dariya na ce uku, wani lokacin ma a zaune, don in na miƙe sai in ji kamar an danne mini ƙirji. Ita ba ta yi dariya ba. Ta danna ƙwaurina da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Nan take ta rubuta takarda, ta ce in kira maigidana, kada mu biya ta gida.

A babban asibiti aka sa mini oksijin, aka ɗebi jini, aka yi hoton zuciya. Na ga tawa a allon na'urar tana motsi da ƙyar. Na san yadda ya kamata ta buga, shi ya sa tsorona ya fi na kowa. Abin da nake ta tunani, wa zai riƙe yarinyar nan.

Kwana goma sha ɗaya na yi. Allurar fitar da ruwa, awon nauyi kowace safiya, abinci ba gishiri. Maigidana ya sayar da babur ɗinsa bai gaya mini ba.

Likitar da ta duba ni farfesa ce, ta daɗe tana bincike kan ciwon zuciyar masu jego. A nan na ji cewa tambayar filon daga aikinta ta fito. Ta lura mata ba sa komawa asibiti don kansu, amma suna kai jarirai rigakafi, sai ta bi ƙananan asibitoci tana koya wa nas-nas su tambayi uwa ita ma.

Ta sa aka kira Inna. Ta bayyana mata cewa ba a gama sanin duk abin da ke kawo ciwon ba, amma kanwa tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuma ba ta iya ɗauka.

 Sai Inna ta ce ƙanwarta haka ta kumbura a jego, su ma kunu suka ƙara mata, ba ta kai arba'in ba.

“Likita, ni na kusa kashe ɗiyata ke nan?”

“A'a, Hajiya. Abin da aka koya miki kika yi. Yanzu kin san wani.”

Alhamdu lillahi, ina samun sauƙi. Ina shan magani, ina komawa awo, an kuma ce in dakata da wani cikin sai an ga yadda zuciyar ta farfaɗo. Allah Ya saka wa nas ɗin nan da farfesa da alheri, da ku da kuka yi ta addu'a.

'Yan matana, kumburi da haki bayan haihuwa na asibiti ne, ranar da aka gani. In kun je barka, bayan kun ɗauki jariri, ku zauna kusa da uwar ku tambaye ta yadda take kwana. Ku gwada a barkar da za ku je ta gaba. Inna ta yi haka a gida biyu, ɗaya daga cikin matan tana kwance yanzu a gadon da na tashi.