Baban Tanderu

Shekara talatin da biyu ya yi yana iza wuta a gidan burodin bakin kasuwa, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baban Tanderu. Kada ka kuskura ka ce masa mai hura wuta, yanzu zai haɗe rai. Hura wuta, in ji shi, ko iska ma tana yi. Izawa kuwa turawa ce, haka mahaifiyarsa ta fassara masa a gaban murhu: icen da wuta ta ci kansa, sai ka kama gindinsa ka tura ciki kaɗan-kaɗan. Daga wannan turawar aikin ya samo sunansa, ba daga tula sabon ice ba.

Mutum ne mai zargin tsiya, kuma yana da dabara guda da ya ɓoye wa kowa. In ya janye garwashi, sai ya tare bakin tanderu da faffaɗar rigarsa, ya watsa ɗan garin fulawa a ciki. In garin ya yi ja a hankali, a zuba burodi. In ya yi baƙi nan take, a jira. Ya sa a ransa ranar da wani ya gane wannan, ranar za a sallame shi.

Bayan rasuwar mai gidan burodin, 'yarsa ta karɓi ragamar. Ba a jima ba burodi ya fara ƙonewa, sau uku a mako guda. Baba ya ce ai biri ya yi kama da mutum. Ya zargi mai kwaɓi da ƙara sukari. Ya zargi mai kawo ice, har yana bin icen ɗaya-ɗaya yana sunsunawa. Ga 'yar maigidan ta tsiri tsayuwa a bayansa, ta harɗe hannu tana kallonsa. Lallai gadar zare ake shirya masa.

A gida matarsa ta ce, "Malam, jiya fa ka wuce surukinka a ƙofar gida ba ka gane shi ba."

"Ke ma an saye ki ke nan?" Ya ture kwanon abincin.

Ran Laraba da hantsi kwaɓi ya tashi, ma'aikata sun jeru da farantai suna jiran ya ba da izini. Ya tare baki, ya watsa garin, ya leƙa. Dishi-dishi kawai yake gani. Ya murza ido ya sake leƙawa, ya kasa raba ja da baƙi. Nan ya gane babu wanda ya yi masa komai, idonsa ne.

"Baba," 'yar maigidan ta ce a hankali daga bayansa, "masu shaguna sun ce in na yau ya ƙone, ba za su ƙara karɓa ba."

"Me kike nema a bayana kullum?"

"So nake in gane abin da ya canza. Na duba fulawa, na duba ice, ban ga komai ba."

Tsoro da kunya suka cika shi. In ya ja bakinsa, burodin ya tafi. In ya faɗa, me ya rage da za a riƙe shi dominsa? Sai ya ja jikinsa gefe, abin da bai taɓa yi wa ko mahaifinta ba.

"Matso, 'yar nan. Garin can, wane launi ya yi?"

Ta leƙa. "Baƙi ƙirin, Baba."

Shi kuwa saura ƙiris ya ce a zuba. Ya ɗaga wa ma'aikata hannu. "A jira."

"To in ya yi yaya ake zubawa?" ta tambaya.

Ya daɗe yana kallon fuskarta ko zai gano makirci, amma ko fuskar ba ya gani sosai. Ya kama hannunta ya zuba mata sauran garin a tafi.

"Watsa da kanki," ya ce. "Ki faɗa min abin da kika gani, ni kuma in faɗa miki sauran."