Garin Katako a Cikin Giya

Shekarar da gyaɗa ta yi albarka a ƙasarmu, kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ce ya gaji da bin jakuna da raƙuma. Shi mai sayen gyaɗa ne a Matameye, yana tarawa daga Dawce da Yauri da Dungu. Ya ce in raka shi Damagaram mu sayi tsohuwar kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, tunda na yi rani huɗu ina cirani a wani gareji a Kano, na san cikin mota. Lokacin ina sabon ango.

Kamfanin da ke sayar da motocin babba ne, da katanga da ƙofar ƙarfe, motoci jere a fili. Akawun da ke kula da ciniki ya dubi rigar saƙin Kawu da takalmansa na fata, ya nuna mana gindin bishiya da bakin alƙalami. Muka zauna tun hantsi har la'asar. Duk mai kwat da ya zo, sai ya miƙe ya ba shi kujera. Mu kuwa, da ya fito zai tafi gida, cewa ya yi, "Ku dawo gobe." Kashegari ma haka aka yi.

Rana ta uku Kawu ya tare shi a bakin biro, wato ofishinsa, ya kira shi da laƙabin girmamawa na Faransanci.

"Mushe, mota muka zo saya, ba bara ba."

Ya yi tsaki ya kai mu wurin wata koriya, sabon fenti sai ƙyalli take. Na ga idon Kawu ya kwanta a kanta. Na ce a tayar da ita mu ji.

"Ba mai a ciki," in ji akawun. "Kuma mota ba jaki ba ce da za ku buɗe mata baki ku duba haƙori. In kuna so ku biya, in ba ku so ga hanya."

Na tuɓe rigata na miƙa wa Kawu, na ciro sifana daga aljihu, na shige ƙarƙashinta. Na kwance murfin man giya na zura yatsa. Abin da ya biyo yatsana kauri gare shi kamar kunun da ya kwana, da ɗan tsakitsaki. Garin katako ne aka cuɗa da mai, don a rufe kukan giyar da ta cinye haƙoranta. Na taɓa ganin irin wannan a Kano.

Na fito na shafa shi a tafin hannun Kawu. Akawun ya hau faɗa, wai wa ya ba ni izinin taɓa kayan kamfani. Hayaniyar ta tara ma'aikata. Wani dattijon makanike ya murza abin tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya kau da kai yana danne dariya. Nan Baturen da ke shugabantar wurin ya leƙo. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya buɗe masa tafin hannunsa, ya ce wa tafintan Baturen, "Tambaye shi, mota suke sayarwa ko aikin kafinta?"

Fuskar Baturen ta yi ja. Ya yi wa akawun magana da Faransanci, gajeriya, sai ga kujeru biyu an kawo mana. Aka ce mu zaɓi wadda muke so, a zuba mai mu gwada.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarshen fili akwai wata da rana ta cinye mata launi, ƙofar direba an ɗaure da waya. Da na tsaya gabanta, dattijon nan ya ɗan gyaɗa mini kai. Na murɗa hannun tayarwa sau biyu, ta kama, sautinta sumul, ba hayaƙi.

"Wannan mummunar?" in ji Kawu.

"Kawu, fenti ba ya hawa tudu. Ita za ta kai mu."

Aka yi ciniki. Akawun ya so ya riƙe tayar safiya, wato ta ajiya don ko-ta-kwana, ya ce takardu kuma sai mako mai zuwa. Kawu ya shimfiɗa buzunsa a daidai ƙofar biro, ya zauna ya ciro carbi, duk mai shiga sai ya raɓa ta gefensa. Kafin azahar taya da takardu suka fito, akawun da kansa ya gangaro da tayar, farin wandonsa duk ya yi baƙi.

Ni na tuƙo ta. Bayan Takeita muka faɗa rairayi, ta ja ta fice ba ko tari. Kawu ya buga cinyata ya ce, "Ɗan nan, ashe ba yawo kake zuwa Kano ba!"

Muka shiga Matameye da sauran rana, ina danna oda tun daga bakin kasuwa. Mahauta suka bar nama suka biyo mu. Mahaifiyata ta fito ƙofar gida tana share hannu da zane, ta zagaya motar, ta taɓa wayar da ke ƙofa, ta ce Allah ya tsare. Amaryata ta leƙo ta saman dangar kara, ta ga ni ne a gaba, ta rangaɗa guɗa.

Shekara tara motar nan ta yi tana kai gyaɗa Kano, ba mu taɓa sauke injinta ba.