Malamin Turancinmu da Muhawarar Makiyayi

Malamin da ya koya mana Turanci a sakandaren Tsafe mutumin Bungudu ne, amma a Damba yake zaune, cikin Gusau. Kullum a bas yake zuwa. Shekarun wahalar man fetur ne, jiharmu ma ba ta daɗe da samuwa ba, motar haya sai ta ga dama take tasowa, amma da wuya mu shiga aji ba mu tarar da shi yana goge allo ba. Siriri ne, mai gilashi, aljihun kaftaninsa kullum fari fat da alli. Ban taɓa ganin ya ɗauki bulala ba. Kallo ɗaya zai yi maka ta saman gilashin nan ka gwammace duka.

Shi ke riƙe da kulob ɗin muhawara, ranar Alhamis bayan an tashi, kuma yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ba ka da ikon faɗin ra'ayinka sai ka fara faɗin abin da ka zata tun farko, da Turanci: "At first I thought." Mun sha wuya a kan kalmomin nan. Wani ya ce "At first I think," wani ya ce "Firstly I thought," ni kuwa na fi kowa, don na taɓa miƙewa da ƙarfina na ce "In my first thinking." Malam ya cire gilashi ya goge, ya ce Turawa ma ba su kai nan ba tukuna. Sannan ya warware mana. Firstly ta mai jera abubuwa ce, na ɗaya, na biyu. At first ta mutumin da ya sake tunani ce, shi ya sa thought ke bin ta, don zaton ya riga ya wuce.

"In kac ce at first," in ji shi, "to kunnena na jiran but. In babu but, zamna."

Kuma ba ya karɓar but ta fatar baki. Sai ka je ka gani da idonka. Wani ɗan ajinmu ya taɓa cewa masu talla a bakin titi zaman banza suke yi, Malam ya tura shi ya wuni da mai rake a tasha. Ya dawo muryarsa a dishe, bai ƙara faɗa ba.

Firinsifal ɗinmu bai son wannan salo ko kaɗan. Kofin gasa yake so a kan teburinsa. A wajensa mai muhawara ɗan dambe ne, ba ya fara nuna wa abokin karawa inda ke masa ciwo. Da aka sa ranar gasar makarantu a Gusau, a gabanmu ya gaya wa Malam cewa in ba mu haye wannan zagaye ba, zai karɓe kulob ɗin ya ba malamin darasin Gwamnati, wanda ke rubuta wa yara jawabi cike da manyan kalmomi su haddace. Malam ya ce, "To, ranka ya daɗe." Mu dai mun san abin da Alhamis take a wajensa. Saboda ita yake komawa gida bayan magariba.

Batun da aka ba mu shi ne manomi da makiyayi, wa ya fi amfani ga ƙasa. Ƙuri'a ta ba makarantar Bungudu manomi, mu ta ba mu makiyayi. Mai magananmu na farko kuwa abokin zamana ne a benci, ɗan manomi daga 'Yandoto, wanda shanu suka shiga dawar babansa a shekarar da ta gabata, ana dab da girbi. Ya tubure.

"Malam, ni ba ni iya yabon mutanen da sunka cinye muna dawa."

"Ban ce ka yabe su ba. Mi kaz zata game da su?"

"Ɓarayi na, masu sanda."

"To, ka samu at first. Tahi ka nemo but. In ba ka same ta ba, dawo ka gaya min, in sa wani."

Kaka ce, an gama girbi. Ranar Asabar ya tafi, ni ma na bi shi, don ni ne mai magana na biyu, kuma ina da son ganin ƙwaƙwaf. A bayan garinsu muka sami gonar wani tsoho da garke ya sauka. Al'adar kowa ya san ta. In an kwashe amfanin gona, manomi kan gayyaci makiyayi ya zauna masa, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya ba su damman gero. Abokina ma ya sani, sai dai tun ɓarnar nan babansa ya rantse ba saniyar da za ta ƙara taka masa gona, shi kuma ya ɗauki fushin ya ɗora a kansa. Muka tarar da tsohon yana cacar baki da maƙwabcinsa a kan shanu, kowa na so garken ya kwana a tasa gonar. Dattijon makiyayan ya sa aka kawo mana nono, da ya ji labarin dawar kuma bai kare kowa ba, ya ce laifi ne ko da ɗansa ne ya yi. Abokina ya tsuguna ya kama wani kututturen kara, ya damƙi ƙasar ya murza. Karan ya kusa kaurin hannunsa. Na gonarsu na bana, na gani da idona a hanya, da kaɗan ya fi tsinken tsire. Ya karkaɗe hannunsa, muka kama hanyar gida.

Ranar gasa, a ƙofar zauren da za a yi a Gusau, firinsifal ya ja abokina gefe ya ce kada ya kuskura ya buɗe da wannan at first ɗin, ya shiga da yabon makiyayi kai tsaye. Abokina ya juya ya dubi Malam. Kalma ɗaya Malam zai faɗa ya tsira da kulob ɗinsa.

"Magana taka ta," ya ce. "Faɗi abin da kaka iya tsayawa kai."

Na Bungudu ya fara, ya zuba Turanci kamar ana juye tsakuwa, aka yi ta tafi. Sai abokina ya miƙe, ya gaida alƙalai, ya ce, "At first I thought the herdsman was a thief with a stick." Zaure ya kwashe da dariya. Bai kula ba. Ya ba da labarin dawar babansa, yadda suka tarar da ita kwance, da yadda suka ƙarasa shekarar da sayen hatsi. Sannan ya ce, "But I went and looked." Ya kawo tsofaffin nan biyu masu faɗa a kan inda shanu za su kwana, ya kawo kara mai kauri da marar kauri, ya ce manomin da ya kori makiyayi gonarsa ya sa wa yunwa. Dariya ta ɗauke. Ban taɓa jin Turanci ya zauna a bakin ɗan ƙauyenmu kamar ranar ba, kuma na ji alfahari har tsigar jikina ta tashi.

Na yi nawa gwargwadon iko. Sai na biyunsu ya tashi, ya ce alƙalai sun ji da kunnensu, abokin hamayya da kansa ya kira makiyayi ɓarawo. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, ɗalibai na buga benci. Abin da ya faɗa ke nan, kuma da shi suka ci. Har yau in na tuna raina na ɓaci.

Firinsifal bai tsaya dogon zance ba. Ya ce wa Malam ya miƙa kulob ranar Alhamis, ya shiga motarsa ya tafi. Malam ya raka mu tasha da ƙafa, muka zauna jiran bas ɗin Tsafe da ta tafi layin mai. Abokina ya haɗa kai da gwiwa yana kuka, yana cewa shi ya ja.

"Tashi," in ji Malam. "Bari ni ma in bi dokata. At first I thought I wanted that cup. Sa'ad da kad dube ni bakin ƙofa, wallahi na so ka bi maganar firinsifal."

Abokina ya miƙe. Muka jira, Malam bai ci gaba ba, sai goge gilashi yake yi, gilashin da ba abin da ya same shi. Ni da bakina bai san ya kamata ba, na ce, "Malam, ba mu ji but ba."

Ya yi dariya, idonsa jawur. Ya ɗora hannu a kan abokina.

"Ga ta nan tsaye gabana," ya ce.

Ranar Alhamis malamin Gwamnati ya shigo da jawabansa, ya fara karanto mana manyan kalmomi muna maimaitawa. Can sai ga Malam ya zo wucewa ta gaban taga da jakarsa, zai kama bas da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba ranar Alhamis. Abokina ya miƙe tsaye. Ni ma na miƙe, sauran suka biyo mu, ba wanda ya zauna sai da ya fita ƙofar makaranta.